Ƙagaggun Labaran Matasa Kan Ɗalibai Masu Sha'awar Jinsinsu a Makarantun Sakandare: Tambayoyi da Amsoshi

Iyaye Hausawa mazauna Amurka da Birtaniya, da malaman da ke koyarwa a makarantun can, da ɗaliban nazarin adabi a jami'o'i, sukan ci karo da wani rukuni na littattafan matasa da ke ba da labarin ɗalibi mai sha'awar jinsinsa da yadda ya samu, ko ya rasa, wanda zai tsaya masa a makaranta. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi maimaituwa a tsakanin waɗannan mutane, an jero su daga masu sauƙi zuwa masu buƙatar dogon bayani.

Wane irin adabi ne wannan, kuma su wa ake rubuta wa?

Reshe ne na adabin matasa, wato ƙagaggun labaran da kamfanonin ɗab'i ke fitarwa musamman domin 'yan shekara 12 zuwa 18, kamar yadda ƙungiyar ma'aikatan laburaren Amurka ta iyakance shekarun. A mafi yawan lokuta tauraron labarin shi ke ba da labarinsa da bakinsa, shekarunsa ba su wuce 15 zuwa 17 ba, kuma ya gano cewa zuciyarsa tana karkata ga jinsinsa alhali bai san wanda zai iya faɗa wa ba. Jigon da ya haɗa littattafan shi ne kaɗaici da neman mafita daga gare shi. Soyayya takan shigo, amma a yawancinsu abin da ke riƙe mai karatu shi ne tambayar ko yaron nan zai samu mutum ɗaya da zai san sirrinsa kuma ya ci gaba da zama kusa da shi.

Masu karanta su ba irin waɗannan matasa kaɗai ba ne. Abokan ajinsu suna karantawa, manya ma suna saye da yawa. Wata masaniyar adabin yara, Rudine Sims Bishop, ta yi bayani a 1990 cewa littafi yakan zame wa wani yaro madubin da zai ga kansa, ya zame wa wani taga da zai leƙa rayuwar da ba tasa ba, kuma malamai da ma'aikatan laburare suna yawan kafa hujja da wannan bayani idan ana maganar waɗannan littattafai.

Me ya sa kusan dukkansu a makarantar sakandare suke faruwa?

Domin a can matashi ke cinye mafi yawan yininsa, kuma ba shi da ikon barin wurin. Sakandaren Amurka tana ɗaukar shekara huɗu, daga aji na 9 zuwa na 12, kuma doka ta tilasta wa yaro halarta har zuwa wasu shekaru da kowace jiha ta ƙayyade. Wanda ake tsangwama a wurin aiki yana iya ajiye aikin, amma ɗan shekara 15 dole ya koma gobe ya zauna kusa da wanda ya zage shi jiya. Shi ya sa wurare uku ke yawan dawowa a labaran: ɗakin cin abinci, inda teburin da mutum ya zauna ke nuna matsayinsa, da ɗakin sauya tufafin 'yan wasa, inda babu idon malami, da laburare ko ɗakin wani malami, inda mai jin tsoro ke fakewa lokacin hutun rana.

Akwai kuma dalili na biyu wanda ya fi nauyi. Yaron da ake tsangwama saboda launin fatarsa ko addininsa yakan koma gida ya tarar da iyayen da suka san ciwon, domin su ma irinsa ne. Wanda ake tsangwama saboda wannan al'amari sau da yawa yana tsoron gidan ma fiye da makarantar, saboda haka idan bai samu kowa a makaranta ba, to bai samu kowa ba ke nan.

Yaushe aka fara rubuta su, kuma yaya na farkon suke?

Masana sun fi amincewa da cewa na farko shi ne *I'll Get There. It Better Be Worth the Trip* na John Donovan, wanda ya fito a 1969. Labarin wani ɗan shekara 13 ne da ya koma New York wurin mahaifiyarsa bayan rasuwar kakarsa, ya shaƙu da wani ɗan ajinsu, sai mota ta buge karensa ya mutu, shi kuma ya ɗauka alhakinsa ne ya kama karen. Wannan zubi na biyo shaƙuwa da masifa ya zauna daram a littattafan shekarun 1970. A wani littafi na Sandra Scoppettone da ya fito a 1974, ɗaya daga cikin samari biyun da suka shaƙu haɗarin mota ne ya kashe shi. A waɗannan labaran makaranta ba ta ba da mafaka ko kaɗan, ita ce ma inda tsegumi ke tashi.

Sauyi ya fara bayyana da *Annie on My Mind* na Nancy Garden a 1982. 'Yan mata biyu ne a New York, kuma da asirinsu ya tonu makarantar ɗaya daga cikinsu ta gurfanar da ita gaban hukumar gudanarwa, ta kuma kori malamai mata biyu da aka gano su ma haka suke zaune tare. Waɗannan malaman da suka rasa aikinsu su ne suka zaunar da 'yan matan suka hana su ɗora wa kansu laifin abin da ya faru, kuma labarin ya ƙare ba tare da kowa ya mutu ba. Michael Cart da Christine Jenkins, waɗanda suka nazarci littattafan da suka fito daga 1969 zuwa 2004, sun ƙirga kusan 200 kawai a duk tsawon waɗannan shekaru, suka kuma nuna cewa kaɗan ne a cikinsu suka bar tauraron ya haɗu da wasu irinsa ya zauna cikin jama'a. Wannan giɓi ne littattafan da suka zo daga baya suka cike, kamar yadda aka yi bayani a amsar da ta shafi shigowar ƙungiyoyin ɗalibai cikin labarai.

Idan an ce ɗalibi ya samu tallafi, wane irin tallafi ake nufi?

Galibi ƙaramin abu ne wanda mai kallo daga waje ba zai lura da shi ba. Aboki ko ƙawa da aka faɗa wa sirri ta riƙe, washegari kuma ta zo ta zauna a teburinsu kamar kullum. Malami da ya ji an jefi yaro da zagi a aji ya dakatar da darasi ya tsawata, maimakon ya yi kamar bai ji ba. Ma'aikaciyar laburare da ta miƙa littafi ba ta yi tambaya ba. A littafin Becky Albertalli na 2015, *Simon vs. the Homo Sapiens Agenda*, malamar wasan kwaikwayo ce ta tsaya kai da fata sai an hukunta waɗanda suka zo suna yi wa yaron ba'a a wurin atisaye. A shirin talabijin na *Heartstopper*, wanda aka gina kan labarin zane na Alice Oseman, ɗakin malamin zane ne yaron ke zuwa ya ci abincin rana lokacin da ya kasa zama cikin sauran ɗalibai.

Mafi kyawun marubutan suna nuna cewa tallafin yana da iyaka, yana kuma da tsada ga mai bayarwa. Malamin da ya tsaya wa ɗalibi yana iya fuskantar ƙorafin iyaye, abokin da ya ƙi gudu yana iya rasa nasa abokan. Sannan akwai tallafin da aka tsara shi a hukumance, wato ƙungiyar ɗalibai, wadda tambaya ta gaba ta shafa.

Mece ce ƙungiyar GSA (Gay-Straight Alliance) da ake yawan ambata a labaran, kuma daga ina ta samo asali?

Ƙungiya ce ta ɗalibai da ke haɗa masu sha'awar jinsinsu da sauran abokan karatunsu, tana zama bayan tashi ko lokacin hutun rana, da malami ɗaya a matsayin mai kula. Hikimar tsarinta ita ce ba a tambayar kowa dalilin zuwansa, saboda haka shiga ɗakin ba ya tona asirin kowa. An kafa ta farko a 1988 a makarantar Concord Academy da ke jihar Massachusetts, inda wani malamin tarihi, Kevin Jennings, ya yi aiki tare da wata ɗaliba wajen kafa ta, kuma shi ne daga baya, a 1990, ya jagoranci kafa ƙungiyar malamai da ta zama GLSEN, mai fafutukar kare irin waɗannan ɗalibai a makarantun Amurka.

Kafin wannan akwai wasu yunƙuri biyu. A 1984 wata malamar kimiyya, Virginia Uribe, ta fara shirin da ake kira Project 10 a makarantar Fairfax da ke Los Angeles, bayan da tsangwama ta kori wani ɗalibi daga makarantar. A 1985 kuma aka buɗe makarantar Harvey Milk a New York domin ɗaliban da suka kasa zama a makarantunsu. Bambancin hanyoyin biyu yana da muhimmanci ga mai nazarin labaran: ɗaya ta cire yaron daga inda ake cutar da shi, ɗaya ta bar shi a wurin ta nemi gyara wurin. Marubuta kusan duka hanyar barin yaron a makarantarsa suka bi, domin a nan rikicin da ke gina labari yake.

Ta yaya makarantar gwamnati za ta yarda da irin wannan ƙungiya?

Wata dokar tarayya ce ta 1984, wadda ake kira dokar daidaita dama, ta tilasta mata. Ƙungiyoyin Kirista ne suka yi fafutukar kafa dokar domin a bar ɗalibai su yi taron nazarin Baibul a makarantun gwamnati, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da ita a 1990. Abin da ta tanada shi ne, duk makarantar sakandare ta gwamnati da ke karɓar kuɗin tarayya, idan ta bar ƙungiya ko da ɗaya ce wadda ba ta cikin manhaja, to ba ta da ikon hana wata saboda ra'ayinta na addini ko siyasa ko falsafa. Ya dace iyaye Musulmi su san cewa wannan dokar ce dai take kare haƙƙin 'ya'yansu na kafa ƙungiyar ɗalibai Musulmi a makarantar, domin kariya ɗaya ce ta lulluɓe kowa.

An gwada ƙarfin dokar a birnin Salt Lake na jihar Utah. Da ɗaliban makarantar East High suka nemi kafa GSA, hukumar ilimin birnin ta ga ba ta da hanyar hana su su kaɗai, sai a 1996 ta soke dukkan ƙungiyoyin da ba na manhaja ba, masu laifi a idonta da marasa laifi. Ɗalibai suka fita zanga-zanga, aka shiga kotu, hukumar ba ta janye haramcin ba sai a 2000.

Yaushe waɗannan ƙungiyoyi suka shiga cikin labarai?

A farkon shekarun 2000, wato bayan sun riga sun yaɗu a makarantu na gaske. Littafin Alex Sanchez na 2001, *Rainbow Boys*, ya bi samari uku 'yan ajin ƙarshe, kuma neman izinin kafa ƙungiya a makarantarsu yana cikin zaren labarin. Marubucin ya yi aikin ba matasa da iyalai shawara kafin ya koma rubutu, kuma ana ganin tasirin hakan a yadda ya bambanta gidajen samarin uku. A 2003 Brent Hartinger ya fitar da *Geography Club*, inda wasu ɗalibai da ke tsoron a gane su suka raɗa wa ƙungiyarsu sunan kulob ɗin labarin ƙasa, da tunanin babu wanda zai yi sha'awar shiga abu mai gundura haka.

Wannan littafi na biyu ya cancanci a tsaya a kansa, domin bai sa ƙungiyar ta zama gidan waliyyai ba. Akwai wani yaro a makarantar da kowa ke wulaƙantawa, kuma da aka kawo shawarar a jawo shi cikin ƙungiyar, 'yan ƙungiyar da suka san zafin wariya suka ƙi, don gudun kada baƙin jininsa ya shafe su. Tauraron labarin ma sai da ya shiga sahun masu cin zalinsa. Darajar littafin tana cikin wannan gaskiya, cewa wanda aka zalunta yana iya zaluntar na ƙasa da shi idan tsoro ya kama shi. A 2003 ɗin ce kuma David Levithan ya bi wata hanya dabam da *Boy Meets Boy*, inda ya ƙago garin da makarantarsa ta riga ta karɓi kowa, don mai karatu ya ga yadda rayuwar za ta kasance idan tsoron ya kau.

Shin wahalar da ake kwatantawa gaskiya ce, ko marubuta ne ke zuzutawa?

Shari'o'i da alƙaluma sun nuna cewa ba zuzutawa ba ce. Jamie Nabozny, ɗalibi a garin Ashland na jihar Wisconsin, ya sha duka da wulaƙanci shekara da shekaru, yana kai ƙara ga shugabannin makaranta ba a ɗaukar mataki. A 1996 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce yana da haƙƙin kai su ƙara, aka same su da laifi, aka sasanta kan diyyar dala 900,000. Daga nan hukumomin makarantu suka gane cewa kau da kai daga irin wannan cin zali yana iya jawo musu hukunci.

Binciken lafiyar ɗaliban sakandare da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta gudanar a 2021 ya nuna cewa kimanin kashi 22 cikin 100 na ɗaliban da suka bayyana kansu a rukunin masu sha'awar jinsinsu da makamantansu sun yi yunƙurin kashe kansu a cikin shekarar da ta gabaci binciken, abin da ya ninka na sauran ɗalibai fiye da sau uku. Wani bincike da Caitlin Ryan ta jagoranta, wanda aka buga a 2009, ya gano cewa waɗanda iyalansu suka yi matuƙar juya musu baya sun fi waɗanda ba a juya wa baya ba yiwuwar yunƙurin kashe kai fiye da sau takwas. Duk wanda zai yanke hukunci kan waɗannan littattafai, ko wane ne shi kuma ko mene ne aƙidarsa, ya kamata ya yi hakan yana sane da cewa rayukan yara na gaske ne ke bayan labaran.

Akwai batsa a cikinsu?

Sun bambanta ƙwarai, kamar yadda sauran littattafan soyayya na matasa suka bambanta. Da yawa ba su wuce musayar saƙo da riƙe hannu da sumba ba. Wasu, musamman waɗanda aka yi wa 'yan shekara 16 zuwa sama, suna taɓo mu'amalar jiki da shan giya da zagi. Kasancewar littafi a wannan rukuni ba ya nuna matakinsa, saboda haka hanyar da ta fi ita ce duba shekarun da kamfanin ɗab'i ya rubuta, da sharhin mujallun ma'aikatan laburare irin su School Library Journal da Kirkus, waɗanda kan faɗi ajin da littafi ya dace da shi. Ya kamata kuma a rarrabe ƙagaggen labarin matasa da tarihin rayuwa da aka rubuta domin manya, domin wasu littattafan da suka fi tayar da ƙura a 'yan shekarun nan na rukuni na biyu ne.

Karanta irin wannan littafi zai iya sauya inda zuciyar yaro ta karkata?

Manyan ƙungiyoyin likitoci da masana halayyar ɗan Adam na Amurka sun tafi a kan cewa wannan karkata ba abu ne da ake koya wa mutum ko ake zaɓa da gangan ba. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasar ta cire shi daga jerin cututtuka a 1973, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi sahu a 1990. Matasan da labaran ke magana a kansu sun tashi ne cikin tatsuniyoyi da finafinan saurayi da budurwa, kuma hakan bai sauya su ba. Abin da littafi ke iya sauyawa shi ne yadda mai karatu ke kallon abokin ajinsa, da yadda yaron da ke ɓoye damuwarsa ke kallon gobensa. Iyayen da damuwarsu ta shafi tarbiyya da koyarwar addini suna da hurumin yin magana, kuma an yi bayanin haƙƙinsu a amsar da ta shafi cire littattafai.

Yaya ake nuna iyaye da addini a cikin labaran?

A nan ne littattafan suka fi rabuwa gida biyu. Raunanan cikinsu sukan mayar da uba mai addini dodo kawai, ba shi da tarihi, ba shi da tausayi, aikinsa kawai ya yi tsawa ya kori ɗa. Masu ƙarfin cikinsu sun san cewa yawancin iyayen da ke adawa suna yi ne da tsoron makomar ɗansu a duniya da lahira, kuma shi ɗan yana son su, yana kuma son addininsa. A littafin Levithan da aka ambata akwai wani yaro mai suna Tony, ɗan gidan Kirista masu tsananin riƙo, wanda ya ƙi guduwa daga gida, ya zaɓi ya zauna ya nemi iyayensa su bar abokansa su riƙa shigowa. Ranar da mahaifiyarsa ta bar su suka shiga, ba don ta sauya aƙida ba, tana cikin wuraren da suka fi taɓa zuciya a littafin.

A shekarun baya-bayan nan an samu marubuta daga gidajen Musulmi da na baƙin haure. Sabina Khan ta rubuta labarin wata 'yar asalin Bangladesh da ke zaune a Seattle a 2019, Adiba Jaigirdar kuma ta rubuta na wata 'yar asalin ƙasar a wata makarantar 'yan mata a Dublin a 2020. Irin waɗannan labarai suna ƙara wani nauyi da na farko ba su da shi: abokan tauraruwar Turawa sukan ce mata ta rabu da danginta kawai, ita kuma ta san cewa ba su fahimci abin da dangi ke nufi a wurinta ba, kuma tana fama da wariyar launin fata a makarantar da ake cewa ta karɓi kowa.

Me ya sa ake cire su daga laburaren makarantu, kuma mene ne haƙƙin iyaye?

Rikicin ya daɗe. A 1993 an ƙone kwafen *Annie on My Mind* a birnin Kansas, hukumar makarantun Olathe ta kwashe shi daga laburarenta, ɗalibai da iyaye suka kai ƙara, kuma a 1995 alƙalin kotun tarayya ya ba da umarnin a mayar da shi. Hukuncin ya dogara ne kan shari'ar Pico ta 1982, inda ra'ayin da ya jagoranci hukuncin Kotun Ƙoli, duk da cewa bai samu amincewar mafi yawan alƙalan ba, ya nuna cewa hukumar makaranta ba za ta cire littafi daga laburare don kawai ba ta son ra'ayin da ke cikinsa ba. Daga 2021 ƙorafe-ƙorafen suka ƙaru sosai. Ƙungiyar laburaren Amurka ta ƙirga buƙatu 1,269 na cire littattafai a 2022, sannan a 2023 ta ce littattafai daban-daban 4,240 ne aka nemi a cire, kusan rabinsu kan wannan batu ko kan rayuwar baƙaƙen fata da sauran tsiraru.

Dole a rarrabe abubuwa biyu: littafin da ke kan kanta wanda mai so ke ɗauka, da littafin da malami ya wajabta a aji. A watan Yunin 2025, a shari'ar Mahmoud da Taylor, Kotun Ƙoli ta goyi bayan wasu iyaye Musulmi da Kirista na gundumar Montgomery a jihar Maryland, waɗanda suka nemi a riƙa sanar da su kuma a bar su su janye 'ya'yansu daga darussan da ake karanta irin waɗannan labarai. Shari'ar ta shafi littattafan ƙananan yara na firamare da ake karantawa a aji, ba ta ba da umarnin kwashe komai daga laburare ba. A sakandare, makarantu da yawa suna da tsarin ba ɗalibi wani littafi a madadin wanda iyayensa suka ƙi, kuma hanyar neman hakan ita ce rubuta wa malamin ko shugaban makaranta. Neman a sauya wa ɗanka littafi haƙƙi ne da ke da tushe, amma neman a hana 'ya'yan kowa ya wuce nan, domin yana shiga hurumin wasu iyayen da suka yanke shawara dabam.

Me ya sa yawancin labaran na Amurka ne?

Domin tsarin makaranta da dokar da suka ba labarin ƙashin baya na can ne. A Birtaniya, sashe na 28 na dokar ƙananan hukumomi ta 1988 ya hana hukumomi abin da ya kira tallata wannan ɗabi'a, lamarin da ya sa malamai da yawa suka kame bakinsu ko da sun ga ana cin zalin ɗalibi. An soke shi a Scotland a 2000, a Ingila da Wales a 2003. A Najeriya, dokar da aka sa wa hannu a watan Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 10 ga mai rajista ko gudanarwa ko shiga irin wannan ƙungiya, saboda haka labarin da ya ginu kan ƙungiyar ɗalibai da makaranta ta amince da ita ba shi da inda zai tsaya a makarantar Najeriya. Mai karatu daga can ya karanta su da sanin cewa matakin da tauraron ya ɗauka a Atlanta ko Seattle yana da sakamako dabam a wata ƙasa.

Wane suka masana adabi ke yi wa littattafan?

Suka na farko shi ne sun daɗe suna zagaye yaro namiji, farar fata, ɗan gidan masu rufin asiri a bayan gari, har aka ɗauka kamar shi ne ma'auni. Littafin Benjamin Alire Sáenz na 2012 kan wasu samari biyu 'yan asalin Meziko a El Paso, da na Malinda Lo na 2021 kan 'yar asalin Sin a San Francisco ta shekarun 1950, wanda ya ci babbar lambar yabo ta adabin Amurka a rukunin matasa, suna cikin waɗanda suka faɗaɗa fagen. Suka na biyu shi ne mayar da bayyana kai ƙololuwar kowane labari, kamar duk wanda bai fito fili ba matsoraci ne, alhali ga wasu yaran yin shiru har su girma shi ne hankali, domin suna iya rasa matsuguni da kuɗin karatu. Na uku shi ne sauƙaƙa ƙarshe fiye da kima, inda dukkan makaranta ke tafi a babi na ƙarshe. An bar zamanin kashe tauraro, kuma hakan ci gaba ne, amma littafin da ya yi wa yaro alkawarin tafin da ba zai samu ba shi ma bai yi masa adalci ba.

Na ga irin wannan littafi a jakar ɗana ko 'yata. Me ya kamata in yi?

Da farko kada a ɗauki littafin a matsayin shaida kan yaron. Yana iya zama aikin aji, ko ƙawa ce ta ba da aro, ko shirin talabijin ne ya ja hankali, kamar yadda ya faru da ɗimbin matasa bayan Netflix ta fara nuna *Heartstopper* a 2022. Abin da ya fi amfani shi ne uba ko uwa su karanta littafin da kansu, domin yawancinsu ba sa wuce shafi 300 zuwa 400 kuma harshensu mai sauƙi ne, sannan su tambayi yaron abin da ya gani a labarin da wanda ya fi ba shi tausayi. Iyaye suna iya faɗin matsayinsu na addini a fili a wannan zama, ba tare da zagi ko barazanar kora ba, kuma alƙaluman da aka kawo a amsar da ta shafi gaskiyar wahalar sun nuna dalilin da ya sa yadda aka yi maganar yake da nauyi haka.

Idan a cikin hirar aka ga alamun da ke tayar da hankali, kamar yaro ya daina cin abinci, ko ya ƙi zuwa makaranta, ko ya janye daga abokansa, ko ya ambaci mutuwa, to maganar littafi ta ƙare, ta lafiya ta fara. A Amurka ana kiran lamba 988 dare da rana don samun mai ba da shawara kan matsananciyar damuwa, a Birtaniya kuma yara suna da layin Childline a 0800 1111. Idan tsangwama ce a makaranta, a rubuta ƙorafi ga shugaban makaranta da kwanan wata da abin da ya faru, a riƙe kwafi, domin rubutaccen ƙorafi ne ke tabbatar da cewa an sanar da hukuma idan daga baya aka buƙaci ɗaukar mataki na gaba.